Samudawan Bakin Tabkin Chadi: Yaushe Sao Suka Zama Ƙatti?

A garin Ngala da ƙauyukan da ke kewaye da shi, can gabashin Barno kusa da iyakar Kamaru, ƙasa takan fito da wasu randuna waɗanda babu mai ginin tukwane a yau da ke yin irinsu. Wata babban mutum zai shige cikinta ya zauna. In ka tambayi mutanen wurin ta wace ce, za a ce maka ta Sao ce, a kuma ƙara da cewa ai ba randa ba ce, moɗar shan ruwansu ce. Daga nan labari ya buɗe. Sao, in ji masu ruwaya, mutane ne da bakansu gungumen giginya ne, maharbinsu yakan kashe giwa ya saɓo ta a kafaɗa zuwa gida, masuncinsu ba ya buƙatar koma, tafin hannu yake sawa ya datse kogi ya kwashi kifi, in ɗayansu ya yi kira daga wannan gari ana amsa masa daga wancan. Haka ake ba da labarinsu da Barbarci, da Larabcin Shuwa, da harsunan Kotoko, tun daga kogin Yobe har gaɓar Logone da Shari.

Ɗan boko a Maiduguri yakan yi murmushi ya wuce. A ganinsa tarihin Barno na gaske shi ne jerin sarakunan Saifawa, da wasiƙun da suka aika Masar, da fataucin Sahara, da malaman Birnin Gazargamu. Sao kuwa hirar tsofaffi ce. Amma akwai wani Bafaranshe, Jean-Paul Lebeuf, da ya iso yankin tabki a 1936 yana saurayi cikin ayarin binciken Marcel Griaule, bai kuma rabu da maganar Sao ba har ya rasu a 1994. Kusan shekara sittin ke nan a kan mutanen da aka ce suna saɓa giwa. To, ko dai ya ɓata rayuwarsa a kan ƙanzon kurege, ko kuma akwai wani abu a cikin labarin ƙattin da ya cancanci rayuwar malami guda. Ni ina tare da magana ta biyu, ko da yake ina da ƙorafi a kan yadda shi Lebeuf ɗin ya kama aikin.

A shekarar da ya sauka a bakin Chadi, a Landan wani malamin tsohon Turanci, J. R. R. Tolkien, ya gabatar da lacca a kan Beowulf, tsohuwar waƙar Ingila. Ƙorafinsa shi ne masana suna tsintar sunayen sarakuna da ƙabilu daga cikin waƙar, suna jin kunyar dodannin da ke cikinta, alhali dodannin su ne ƙashin bayanta. Tun daga nan nazarin dodanni ya fara samun mazauni a jami'o'in Turai da Amurka, har a 1981 John Block Friedman ya fitar da littafi guda a kan al'ummomin ban tsoro da Turawan zamanin da suka yi imani suna zaune a gefen duniya. Masu wannan fanni ba su damu da ko dodon ya taɓa wanzuwa ba. Abin da suke bi shi ne: wa ya ba da labarin, a kan wa, a wane lokaci, kuma me ya samu da ba da shi? Da waɗannan tambayoyi ya kamata a tunkari Sao, kuma Barno ta fi wurare da yawa sa'a, domin tana da rubutattun shaidu da za a auna hirar baka da su.

Shaida ta farko ita ce Diwan, jerin sarakunan Saifawa, wanda matafiyin nan na Jamus Heinrich Barth ya samo a Kukawa a farkon shekarun 1850. Diwan ba ya da yawan magana: sunan Mai, da na mahaifiyarsa, da shekarun mulki, da inda ya rasu. A cikin wannan taƙaitaccen bayani ne muke ganin cewa a rabin farko na ƙarni na 14 sarakuna huɗu a jere, dukansu 'ya'yan Mai Abdullahi ɗan Kade, sun halaka a hannun Sao cikin abin da bai kai shekara goma ba. Babu inda aka ce ƙatti ne suka kashe su. Abokan gaba ne kawai, masu ƙarfin da ya isa su kashe sarki huɗu.

Shaida ta biyu ta fi faɗi. Ahmad ibn Furtu, babban limamin Mai Idris Alooma, ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen ubangidansa a 1576, kuma da idonsa ya ga da yawa daga cikin abin da ya rubuta. Ya ambaci Sao iri biyu: Sao-Gafata da ke zaune kusa da kogin Yobe, a bakin ƙofar babban birni, da Sao-Tatala da ke gefen tabki. Wanda ya karanta yadda Mai Idris ya ɓullo wa Sao-Gafata zai ga cewa yaƙi ne na haƙuri da yunwa. Ya gina sansani mai ganuwa kusa da Damasak ya zuba dakaru. Ya sa aka riƙa sare itatuwan da suke fakewa a ciki, masu garkuwa a gaba, masu gatari a bayansu. Da damina a lalata musu shuka, bayan ta wuce a kai musu hari, shekara bayan shekara, har suka rasa abinci da mafaka. Aka kashe maza, aka kwashi mata da yara bayi, saura suka watse. Ibn Furtu maroƙin sarkinsa ne a rubuce, duk abin da zai ɗaukaka Mai Idris ba ya barinsa. Da a zamaninsa ana ɗaukar Sao Samudawa, da shi ne farkon wanda zai yi tutiya da cewa ubangidansa ya kayar da ƙatti. Mutanen da ya siffanta manoma ne masu gero a gona da kibiya a kwari, waɗanda yunwa take kayarwa kamar kowa.

Ke nan tsawon Sao ya zo ne bayan shan kayensu. Muddin suna raye suna harbi, tsayinsu ɗaya da na kowa. Sai da suka ɓace daga idon mutane, ya rage randunansu da tuddan garuruwansu, sannan suka fara girma a bakin jikokin waɗanda suka gaje ƙasar.

Labarin da ya fi nuna wannan shi ne na kafa Birnin Gazargamu, wanda H. R. Palmer, tsohon Razdan na Barno, ya tattaro cikin ruwayoyin da ya buga a 1928. An ce da Mai Ali Gaji ya iso bakin kogin Yobe da jama'arsa, sun tarar da shugaban Sao, Dala Ngumami, ya yi musu maraba ya ba su wurin zama. Ana nan sai baƙi suka fara tsoron ƙarfin masu masaukinsu. Sao kuwa sun ga lalle a hannun baƙin ya ba su sha'awa, suka nemi a yi musu. Aka ce da su ai sai an naɗe hannu da ɗanyar fata. Suka miƙa hannuwa aka ɗaure, fata ta bushe ta ɗame, aka bi su aka karkashe ba su da halin ɗaga sanda. A wata ruwayar an bar shugaban nasu da rai.

Wannan labari yana da abin mamaki, domin waɗanda suka yi nasara ne suke ba da shi, kuma bai wanke su ba. Ya amsa cewa ƙasar tana da masu ita. Ya amsa cewa an karɓi baƙo hannu bibbiyu, baƙon ya ci amana. Abin da ya sa cin amanar ya haɗiyu shi ne girman jikin Sao: wanda ke saɓa giwa ba a tararsa gaba da gaba, dabara ta halatta a kansa. An kuma haɗa masa ƙarfi da wauta, yadda mai sauraro zai yi dariya a wurin da ya kamata ya ji tausayi. Sannan a dubi lissafin shekaru. An kafa Gazargamu wajen 1472, amma shekara ɗari bayan haka Mai Idris yana nan yana sare dazukan Sao-Gafata a kusa da birnin. Gwagwarmayar da ta ci fiye da ƙarni biyu, ta ci sarakuna huɗu, labari ya dunƙule ta ta koma aikin yini ɗaya. Shi kansa lallen, a ganina, ba a banza ya shigo ba. Duk wanda ya halarci biki a Maiduguri ya san matsayin lalle a aure, kuma ta hanyar aure da ƙwarƙwara da bauta ne akasarin mutanen da ake kira Sao suka narke suka zama Barebari. Mai ba da labarin ƙattin, sau da yawa, kakanninsa na wajen uwa yake siffantawa bai sani ba.

Bakano ba shi da bakin yi wa Babarbare dariya a nan. Tarihin Kano, wanda shi ma Palmer ya fassara a 1908, ya buɗe ne da zuriyar Dala da Barbushe, mazauna dutse kafin zuwan Bagauda, kuma siffar da ya fara bayarwa ita ce ta baƙin ƙato, mafarauci mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Giwar nan dai ita ce, an sauke ta daga kafaɗar Sao an aza a kan mutumin Dala. Duk inda sabuwar sarauta ta zauna a kan tsohuwar ƙasa, sai ka tarar an mai da mazaunan farko ƙatti, maharba, masu tsafi, waɗanda zamaninsu ya wuce.

Wanda ya gano yadda wannan tunani yake aiki, tun kafin a haifi kakannin Lebeuf, shi ne Ibn Khaldun. A cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya soki masu ƙissa da suke ganin manyan gine-ginen mutanen da, kamar dalar Masar da fadar Kisra, sai su ce ai maginan jikinsu ya ninka namu. Ya ce abin da ya ɗaga duwatsun nan shi ne yawan ma'aikata da ƙarfin daula da na'urorin injiniyoyi. Ya yi ba'a ga labarin Uju ɗan Unuƙu, wanda aka ce yana kamo kifi daga teku ya gasa a jikin rana, labarin da Ibn Kasir shi ma ya ƙaryata. Ya kuma ja hankali ga gidajen da Samudawa suka sassaƙa a duwatsun Hijir, ya ce a je a duba ƙofofinsu, daidai tsayin mutum suke. Da Ibn Khaldun ya ga randar Ngala, da tambayarsa ita ce mutum nawa suka gina ta kuma me ake ajiyewa a ciki.

Amsar wannan ita Lebeuf ya ba da rayuwarsa yana nema, kuma ya samo da yawa. Shi da abokiyar aikinsa kuma matarsa, Annie Masson-Detourbet, sun haƙa tuddai a Chadi da arewacin Kamaru, suka fitar da littafinsu na farko a kan wayewar yankin a 1950. A 1969 ya buga taswirar kufayi ɗaruruwa na kewayen tabki. Ya shafe shekaru a tudun Mdaga, arewa da Njamena. Ya nuna cewa a wurare da dama manyan randunan makara ce: a zaunar da mamaci a cikin ɗaya, a kife wata a kai. Ya tono mutum-mutumin yumɓu na mutane da dabbobi, da kayan ado na tagulla. Ƙasusuwan da ke cikin kaburburan na mutane ne masu tsayi irin namu. Duk wanda ke maganar Sao a yau a kan kafaɗarsa yake tsaye, kodayake kaso mai yawa na abin da ya tono yana Paris.

Ƙorafina a kansa shi ne ya kori ƙattin ta ƙofa, sun dawo masa ta taga. Ya ɗauki sunan da tatsuniya ta ba shi ya liƙa wa duk kaskon da ya fito daga ƙasa, har ya kasa tuddan zuwa Sao na ɗaya da na biyu da na uku, kamar dai al'umma ɗaya ce mai tarihi ɗaya. A 1962 Ronald Cohen, wanda ya yi zaman bincike a cikin Barebari a Geidam, ya rubuta gajeriyar maƙala yana cewa babu wata ƙabila guda mai suna Sao. Suna ne da Barebari suka yafa wa duk waɗanda suka tarar a ƙasar ba Musulmi ba. Aikin Graham Connah a Daima, kusa da Ngala, a 1965 da 1966, ya ƙara wa wannan magana nauyi. Tudun ya haura mita goma, kuma ba komai ya tara shi ba sai zaman mutane: gida ya rushe a gina wani a kansa, na tsawon shekara dubu da ɗaruruwa, tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. A ƙasan tudun kayan aikin dutse ne da ƙashi, a tsakiya ƙarfe ya shigo, manyan randunan kuwa sai can sama suka bayyana. Mutanen da suka zauna a wannan laka ta firgi, wadda ruwa ke shanyewa da damina, dole ce ta sa su hawa tudu, kuma sun yi ta sauyawa cikin ƙarnoni. Daga baya haɗin gwiwar Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt, a shekarun 1990, ya tura tarihin baya ƙwarai: ƙauyukan Gajiganna na kusan shekara dubu huɗu da suka wuce, da garin Zilum a arewacin Maiduguri mai ganuwa da gwalalo tun kimanin shekara 2,500. Suna ɗaya ba zai ɗauki wannan duka ba.

Ga wani abu da ya kamata ya tsaya wa Bahaushe a rai. Barbarci ɗan gidan harsunan Sahara ne, danginsa suna arewa, wajen Tubawa. Harsunan da ya tarar a kudu da yammacin tabki, wato na Kotoko da Buduma da Bade da Ngizim da Margi da Gamergu, waɗanda a ƙasarsu Maiduguri take zaune, duk 'yan gidan Chadi ne, gidan da Hausa ta fito. In dai Sao su ne mazaunan farko na wannan yanki, to harshen da ƙattin suka yi magana da shi ɗan'uwan Hausa ne. Kotoko kuwa, a Makari da Gulfe da Kusiri da Logone-Birni, ba su taɓa ɗaukar Sao dodanni ba. Kakanninsu ne, suna alfahari da girman jikin da aka ba su. Ƙasar Chadi ma ta rungumi sunan, har ƙungiyar ƙwallon ƙafarta ta ƙasa da shi ake kiranta. Siffa ɗaya, a bakin wanda ya ci ƙasa uzuri ce, a bakin wanda aka ci kirari ce.

Mu 'yan Afirka ma an yi mana irin wannan. Marubucin Rum, Pliny, a ƙarni na farko, ya cika Afirka da mutane marasa kai masu idanu da baki a ƙirji, ya kira su Blemmi, alhali akwai mutane na gaske masu wannan suna tsakanin kogin Nilu da Bahar Maliya, waɗanda daga baya suka hana sojojin Rum barci. Zanensu ya kai har taswirar cocin Hereford ta Ingila wajen 1300. Masana ƙasa na Larabawa, irin su Idrisi a 1154, sun ajiye wasu Lamlam a kudancin ƙasashen Musulmin Sudan, kuma wurin da aka ajiye su shi ne wurin da ake zuwa kamo bayi. Iyakar ƙasar dodanni takan matsa da matsawar mai kallo. A ƙarshen ƙarni na 14 Mai Usman ɗan Idris ya rubuta wa Sarkin Masar Barƙuƙ yana kukan cewa Larabawa suna kama mutanensa Musulmi suna sayarwa, kuma daular da ta yi wannan kuka ita ce daga baya ta kwashi matan Sao-Gafata. Mafi ban takaici shi ne littafin da Francis de Castelnau, ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya ta Barazil, ya buga a 1851 a kan wata al'umma mai wutsiya a tsakiyar Afirka. Daga bakin wa ya ji? Daga bakin bayi, akasarinsu Hausawa, waɗanda aka tsallaka da su teku a matsayin dabbobin aiki, suna ba shi labarin wasu can kudu da su da suka fi su kusa da dabba.

Ba kowane dodo ne mutumin da aka ci da yaƙi ba, kuma mai nazari yana iya zarcewa. Dodon tatsuniya, wanda Frank Edgar da R. S. Rattray suka rubuta labaransa kafin yaƙin duniya na farko, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya mai da shi hannun 'yan makaranta, aikinsa daban ne: yana tsare bakin rafi, yana jiran yarinyar da ta ƙi jin magana ko uban da ya yi alkawarin da bai kamata ba. Tun a ƙarni na 9 marubucin Larabci Jahiz ya bayyana gilan, wato dodannin hamada, da abin da kaɗaici da duhu da tsoro suke yi wa matafiyi. Akwai kuma zarcewa ta ɗaya gefen. Palmer bai ga suna ba sai ya nemo masa asali a Gabas ta Tsakiya. Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth, wanda ya yi wa Diwan da littafin Ibn Furtu hidimar da babu kamarta a 1977 da 1987, ya kuma yi rubutu mai kyau a kan Sao a 1989, daga baya ya koma danganta macijin rijiyar Kusugu da tatsuniyoyin Kan'ana, asalin Kanem kuma da 'yan gudun hijirar Assuriya. Masana da yawa ba su bi shi ba, ni ma haka. Macijin da ya hana gari ruwa ba ya buƙatar biza daga Sham kafin mutanen Daura su san shi.

Abin da ya rage yanzu aiki ne, kuma na Maiduguri ne. Tun da rikicin Boko Haram ya mamaye gabashin jihar, musamman bayan harin Gamboru-Ngala na watan Mayun 2014, haƙa a Ngala da Marte da Kala-Balge ya zama kasada da rai. Tuddai dai za su jira, sun saba. Masu ruwaya ne ba za su jira ba. Tsofaffin da suka san wane tudu ne na wane gari, wa ya kafa shi, wane Sao ne aka binne a ina, yaƙi ya kwashe su zuwa sansanonin gudun hijira da unguwannin bayan gari, wasu an mayar da su, wasu sun rasu a hanya, jikokinsu kuma sun taso ba su taɓa ganin randar ba. Mafi yawan abin da Palmer ya tattara ta hannun malamai da masu sarauta ya zo, an rubuta shi da Larabci aka juya zuwa Turanci, na Griaule da Lebeuf kuma da Faransanci yake, ta bakin tafinta. Ɗalibin Jami'ar Maiduguri da ya tashi da Barbarci da Larabcin Shuwa, ko ɗan Ngala mai jin harshen kakanninsa, wayar hannu kawai yake buƙata ya naɗi ruwayoyin da muryar masu su, ya rubuta sunan garin da kowace ta fito, sannan ya jera ta mutanen firgi kusa da ta mutanen Yobe, ya ga a wace ruwaya ake ɗaure hannu da fata, a wacce kuma Sao ne suke gina ganuwa.